Daga Gafaka Zuwa Kalmar Sirri

Gabatarwa

A shekarar 2022 Allah ya yi wa wani yayana, ɗan baffana, rasuwa a hatsarin mota, yana da shekara 29 a duniya. Tela ne, amma abin da mu 'yan gida muka fi saninsa da shi shi ne rubuta waƙa. Ba ya rubutawa a takarda. A wayarsa yake yi, in ya ga dama ya saki baiti biyu ko uku a shafinsa na sada zumunta, sauran kuwa ya bar su a ciki, yana cewa sai sun nuna.

Ranar rabon gado malami ya zauna aka lissafa tarika: keken ɗinki biyu, da babur, da tufafi, da 'yan kuɗi a banki, da waya. Aka yi wa wayar kuɗi kamar yadda aka yi wa babur, ta faɗa rabon ƙaninsa. Da yake a kulle take, kuma ba wanda ya san lambar buɗe ta, sai ya kai ta wurin mai gyara a kasuwa, aka wanke ta tas, ta koma kamar sabuwa. Bayan 'yan watanni mahaifiyarsa ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Ɗan nan, kai da kake karatun Hausa, ina waƙoƙin yayanka? Ka samo mini ko ɗaya ce a riƙa karanta mini." Na ce, "To, Inna," na fito. Abin da na iya tattarawa daga shafinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na san ya rubuta ba.

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne, a cikin wannan gida ɗin dai akwai gafakar kakanmu, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Ko yau na so sai in kwance ta in karanta abin da ya kwafa da hannunsa. Ashe wanda ya rasu shekara 40 da suka wuce ya fi wanda ya rasu jiya sauƙin samu. Wannan ne ya sa na bi sawun al'amarin, don in ga yadda aka yi muka iso nan, da kuma abin da mutanen waɗansu ƙasashe suka yi sa'ad da irin wannan matsala ta same su.

Zamanin Gafaka

Bahaushe ya daɗe da tsarin abin da za a yi da kayan mamaci, musamman tun da Musulunci ya kafu a ƙasarsa. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da na jana'iza, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya daga cikin sulusin dukiya, abin da ya saura kuma a raba wa magada. Mai karatu zai lura cewa wannan tsari duka ya ginu ne a kan abu guda, watau ana iya ganin abin da mamaci ya bari. Gona tana nan inda take. Shanu suna garke. Takardu suna cikin gafaka ko adaka, in ma makulli ya ɓata sai a kira maƙeri ya fasa kwado.

Ta wannan hanya ce adabinmu ya iso gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, amma rubuce-rubucenta na Fillanci da Hausa da Larabci suka zauna a gidan zuriyar mijinta, Waziri Giɗaɗo, ana kwafa ana adanawa, har zuwa zamanin Waziri Junaidu, wanda ya ba Jean Boyd damar nazarinsu. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga su a littafi guda. Haka kuma Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, amma Ɗandatti Abdulƙadir ya iya bin sawun waƙoƙinsa ya fitar da su a 1974. Abin da ya sawwaƙa wa waɗannan manazarta aiki shi ne, takarda ba ta tambayar wanda ya ɗauke ta ko shi wane ne. In dai ta tsira daga gara da gobara da ɗigar ruwa, to, duk wanda ya iya karatu ya gaje ta.

Sa'ad Da Kaya Suka Koma Gidan Wani

Canji na farko ya zo ne da banki. Labari ya shahara a Kano cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa. Tun daga irin wannan lokaci dukiyar mutum ta fara kwana a gidan da ba nasa ba, a hannun wanda ba ɗan'uwansa ba. Sai dai banki ya zo da hanyarsa. In mai ajiya ya rasu, magada su kawo shaidar rasuwa da takardar kotu, a ba su abinsu. Akwai jeka-ka-dawo, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, akwai kuma mutumin da za a yi wa magana.

Canji na biyu shi ne na intanet, kuma ya fi na farko zurfi, domin kuwa wannan karon ba kuɗi kaɗai aka kai ajiya ba, har da wasiƙu, da hotuna, da rubuce-rubuce, da lissafin ciniki, da sirrin zuciya. A 1996 aka fara Hotmail, a 1997 Yahoo ya buɗe nasa akwatin imel, a 2004 kuma Gmail da Facebook suka bayyana. Mu nan Nijeriya wayar salula ta shigo a 2001, kafin a ankara ta zama ita ce gafakar kowa.

Amma fa akwai wani abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Ranar da mutum ya buɗe asusu, ya danna cewa ya yarda da sharuɗɗa ba tare da ya karanta ba, to, yarjejeniya ya ƙulla da kamfani. Wurin ba mallakarsa ba ne, aro aka ba shi, ga shi kuwa Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A cikin sharuɗɗan Yahoo na wancan zamani an rubuta ƙarara cewa asusu ba ya komawa hannun kowa, kuma haƙƙin mai shi yana ƙarewa ne da mutuwarsa. Samarin da suka gina waɗannan kamfanoni ba su yi tanadin ranar da masu hulɗa da su za su fara mutuwa ba. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu ne suka tilasta musu yin tunanin.

Uban Soja Da Kamfanin Yahoo

A watan Nuwamba na 2004 bom ya kashe wani sojan Amurka mai suna Justin Ellsworth a yankin Falluja ta ƙasar Iraƙi, yana da shekara 20. Mahaifinsa ya nemi Yahoo ya ba shi damar shiga akwatin imel ɗin ɗansa, don ya tattara wasiƙunsa na ƙarshe. Kamfanin ya ƙi, ya ce ya yi wa mamacin alkawarin tsare sirrinsa. Ga kuma wata barazana, watau a ƙa'idar kamfanin ta lokacin, akwatin da ya yi kwana 90 ba a buɗe shi ba ana iya share shi. Uban ya garzaya kotun gado ta jihar Mishigan, a watan Afrilu na 2005 kotu ta ba da umarni, Yahoo ya miƙa masa kwafen wasiƙun a faifai da takardu.

Wannan shari'a ita ce ta fara jawo hankalin duniya ga al'amarin, kuma tun daga ita aka ga cewa haƙƙi biyu ne suke karo da juna. Uba yana da gaskiya, domin da wasiƙun takarda ne da cikin jakar ɗansa za a kawo masa su. Kamfani ma bai rasa hujja ba, domin saurayi yana da maganar da ba zai so mahaifinsa ya gani ba, haka su ma waɗanda suka rubuto masa. Wanda kaɗai zai iya raba wannan gardama shi ne mai akwatin, shi kuwa ya tafi bai ce kome ba.

Kamfanoni Sun Farga

Da farko Facebook yakan cire shafin mutum ne in aka sanar da shi ya rasu. A watan Afrilu na 2007 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech, ɗalibai suka mai da shafukan abokansu wurin zaman makoki, suka roƙi kada a share su, kamfanin ya bar su. A watan Oktoba na 2009 kuma, bayan mutane sun yi ƙorafin cewa na'ura tana tuna musu su gaisa da abokansu da suka riga mu gidan gaskiya, sai ya yi shelar tsarinsa na mai da shafin mamaci shafin tunawa: a bar shi a gani, amma a rufe ƙofar shiga cikinsa.

Har zuwa wannan lokaci dai bayan mutuwa ake yanke shawara. Google ne ya fara mai da ita hannun mai rai. A watan Afrilu na 2013 ya fito da wani tsari wanda mutum zai zaɓi tsawon lokacin da in aka daina jin motsinsa za a ɗauka ba ya nan, yanzu daga wata 3 zuwa wata 18. In lokacin ya cika, sai a sanar da mutanen da ya zaɓa, har mutum 10, a ba kowannensu abin da ya ce a ba shi, ko kuwa a share asusun duka in haka ya so. A watan Fabrairu na 2015 Facebook ya ba da damar mutum ya naɗa wanda zai kula da shafinsa bayan ransa, watau irin wanda mu muke kira wasiyyi. Wannan wakili yana iya liƙa sanarwar rasuwa da canza hoto, amma ba ya iya karanta saƙonnin sirri. Apple bai bi sahu ba sai a watan Disamba na 2021. A nasa tsarin ana ba wakili wani mabuɗi tun mai abu yana da rai, in ya rasu a haɗa mabuɗin da takardar shaidar rasuwa, a karɓi hotuna da rubuce-rubuce da sauransu.

Masu tsara doka a Amurka su ma sun bi wannan hanya. A 2015 suka fitar da wani daftari wanda yawancin jihohin ƙasar suka mai da shi doka, ya jera abu uku bi da bi. Abin da mutum ya zaɓa a cikin asusunsa shi ne gaba da kome. In bai zaɓa ba, a duba wasiyyarsa. In nan ma bai ce kome ba, sai a koma ga sharuɗɗan kamfani. Watau wanda ya yi shiru ya bar wa kamfani wuƙa da nama ke nan.

Hukuncin Jamus

Jamusawa ta wata fuskar suka duba al'amarin. A 2012 jirgin ƙasa ya take wata yarinya 'yar shekara 15 a wata tasha a birnin Balin. Iyayenta suka shiga ruɗu, ba su san ko hatsari ne ko kuwa ita ta jefa kanta ba, suna ganin amsar tana cikin saƙonninta na Facebook. Abin tausayi, uwar tana da kalmar sirrin, amma kafin ta shiga an riga an mai da shafin na tunawa, ƙofa ta rufe. A 2015 kotun farko ta ba iyayen gaskiya, a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sai ranar 12 ga Yuli, 2018, babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke cewa yarjejeniyar asusu gado ce, tana komawa ga magada kamar yadda wasiƙu da littafin sirri na takarda suke komawa. Ko da haka ba a gama ba. Kamfanin ya ba su kundi mai shafi kimanin 14,000 a 'yar na'urar ajiya, sai da kotun ta sake zama a 2020 ta ce a bar su su shiga asusun kansa su duba. Shekara takwas ke nan iyaye suna neman amsar tambaya guda.

In mai karatu ya dubi waɗannan labarai zai ga darasinsu ɗaya ne. Ba wanda ya sami abin mamacinsa cikin sauƙi sai wanda mamacin ya share masa hanya tun yana da rai. Saura duka sai da lauya da kotu da shekaru, a ƙasashen da kamfanonin suke da ofis ke nan, kotu kuma tana iya tilasta musu. Ina ga tsohuwar da ke ƙauyenmu?

Mu Fa, Ina Muka Dosa?

Matsalarmu tana da fuska uku. Ta farko ita ce layin waya. Kusan kowane asusu da muke da shi a jikin lambar waya yake rataye, can ake aiko da lambar tabbatarwa in an manta kalmar sirri. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Ni da kaina na gwada kiran lambar yayana bayan shekara guda, wani baƙo ya ɗauka. Bayan baƙin cikin da ke cikin haka akwai hatsari, domin wanda ya riƙe layi ya riƙe mabuɗin ɗakuna da yawa, kuma mun sha jin yadda 'yan damfara ke shiga shafin mamaci su roƙi abokansa kuɗi da sunan marayunsa.

Ta biyu ita ce bashi. Ɗan kasuwar da ya saba rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa a littafi, yau a cikin saƙonnin waya yake yi. Haka uwar adashi. In aka wanke wayar don a sayar, an wanke haƙƙin mutane ke nan, alhali bashi yana gaban gado. Asusun WhatsApp ma in ya yi kwana 120 bai hau intanet ba akan share shi, Google kuma tun daga Disamba na 2023 ya ba kansa ikon share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ta uku ita ce ta fi shafarmu mu ɗaliban Hausa. Babban kaso na adabin da ake yi yau, ƙagaggun labarai da waƙoƙi da muhawarori a kan harshe, a Facebook da WhatsApp da Wattpad da YouTube yake fitowa, kuma da yawansa bai taɓa hawa takarda ba. Ba mutuwar marubuci kaɗai ke yi masa barazana ba, shi ma kamfani yana iya tashi daga kasuwa. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a dandalin Yahoo, inda aka yi shekaru ana tafka muhawara a kan fim da adabi. A ƙarshen 2019 kamfanin ya sanar zai share abin da ke cikin irin waɗannan zauruka na duniya baki ɗaya, ranar 15 ga Disamba, 2020, ya rufe dandalin. Abin da ya tsira daga kowane zaure shi ne abin da wani mai hangen nesa ya kwafe ya ajiye.

A 2019 waɗansu manazarta biyu na jami'ar Oxford, Carl Öhman da David Watson, suka yi lissafi cewa ko da Facebook ya daina karɓar sababbin mutane, masu shafi aƙalla biliyan 1.4 za su rasu kafin shekarar 2100, kuma wajen 2070 matattu za su iya fin rayayyu yawa a cikinsa. Tambayar da suka yi ita ce, wa zai riƙe tarihin waɗannan mutane? Mu ma sai mu tambayi kanmu. Ɗalibin da zai zo bayan shekara 50 yana neman adabin zamaninmu, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Na jiya sun je gidan Waziri a Sakkwato, sun je Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi a Kaduna. Na gobe kuwa, in ba mu yi wani abu ba, sai dai ya nemi izinin wani kamfani a Kalifoniya.

Kammalawa

Ba sabon abu nake kira gare shi ba. Rubuta wasiyya tun mutum yana da lafiya abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kansa, mu ne muke ƙyamar zancen kamar ambaton mutuwa shi ke kawo ta. Abin da ya ƙaru kawai shi ne jerin kayan da za a ambata.

Ga abin da ni na yi bayan abin da ya same mu. Na sami takarda na rubuta asusuna duka, da lambar buɗe wayata, da wanda nake bi da wanda ke bina, na sa a ambulan na liƙe, na damƙa wa yayata. Na bayyana abin da za a ba iyayena, da abin da za a bari a shafi, da abin da za a share ba tare da an karanta ba, domin mamaci ma yana da sirri, haka waɗanda suka yi hira da shi. Na shiga Google da Facebook na naɗa wakili, abin bai ci mini rabin awa ba. Na roƙi 'yan gida cewa in ta Allah ta kasance kada a bar layina ya mutu, kada kuma a wanke wayata, sai an kwashe abin da ke ciki. 'Yan rubuce-rubucena kuwa nakan buga su a takarda ƙarshen kowane zangon karatu. Kuɗin da ke cikin asusu dai tarika ne, hukuncin gado ne ke hawa kansu, sanin lambar sirri ba ya mai da su halalin wanda ya sani.

Ga ƙungiyarmu kuma ina da roƙo. Me zai hana mu buɗe kundi a ɗakin karatu na sashe, mu riƙa neman izinin marubutan intanet muna adana ayyukansu a takarda da na'ura, tun suna da rai, su da kansu su faɗi abin da suka yarda a ajiye? Malamanmu sun yi yawo ƙauye-ƙauye da rikoda suna ɗaukar makaɗa da masu tatsuniya kafin su ƙare. Wannan shi ne namu rabon aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Baitocin yayana da na samu na kwafe su da hannuna a ɗan littafi. In na je hutu nakan karanta wa Inna, ta ce in maimaita, in maimaita. Da na gama sai in mai da littafin cikin gafakar kakanmu, in ɗaure.